Hannun da Fajala Ya Miƙa a Tasha

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki shagon Zumana Tarawele a unguwar Bagadaji ya san ba a shiga a fito da wuri. Shagon bai fi ɗakin kwana ba: keken ɗinki biyu, benci ɗaya, sai kabad mai gilashi jingine da bango. A shagon wani tela da shadda za a cika kabad ɗin. Nasa littattafai ne a ciki, na hotuna zalla, sun haura saba'in, kowanne an ɗinka masa riga da ragowar yadi. Mace ta zo ta ce ɗinkin biki take so, sai ya ce ta wanke hannu a buta tukuna, ta goge da tsumma mai tsabta, sannan ya zaro littafi ya buɗe mata matan Bamako na shekara sittin da suka wuce, ya ce ta zaɓa. Ba a juya masa shafi da yawu, ba a kuma ajiye kofin shayi a teburin da littafi yake.

Marayan uwa ne. Yana da shekara huɗu mahaifiyarsa ta rasu, ƙanwar mahaifinsa, Goggo Nantenin, ta ɗauke shi ta haɗa da nata 'ya'yan. Mijinta, Fajala Sisoko, telan manyan riguna ne, mutum mai ƙarancin magana da ƙarancin dariya, shi ya koya wa Zumana riƙon allura, shi kuma yake kira Baba. Zumana bai yi nisa a boko ba, a aji shida ya tsaya. Faransancin da ke cikin littattafan da ƙyar yake haɗa shi, na Ingilishi da na Jamusanci kuwa ko oho. Yakan ce shi ba rubutun ya saya ba.

Farkon abin wata Baturiya ce ta shigo da littafi tana son a ɗinka mata irin rigar da ke wani shafi. Ya karɓa yana dubawa, sai ga ƙofar wani gida da ya sani, ga mai sayar da goron da yake aikensa yana yaro, ga matan unguwa da ɗaurin ɗankwalin da aka daina tun tuni. Ya ɗinka mata rigar, ya ce ba ya son ladan ɗinki, littafin yake so. Daga nan aka fara. A hankali ya gane littafi ɗaya yakan fito sau biyu, sau uku, kuma ba ɗaya suke ba, kamar yadda shadda take suna ɗaya amma hannu ya san bambanci. Sai ya shimfiɗa bugun farko da na biyu gefe da gefe, ya bi su shafi shafi. Ma'auninsa ɗaya ne: in ana iya ƙirga zaren aikin wuyan riga, bugun ya yi kyau. In baƙin tawada ya cinye aikin, ko an datse ƙafafun mutane ba a ganin takalmansu, to an cuci mai hoton. Ɗaliban jami'a da masu ɗaukar hoto sukan zo su tambaye shi wanne za su nema, ya gaya musu ba tare da ya ɗaga ƙafa daga keke ba.

Mai samo masa yawancinsu Cemoko Jara ne, wanda yake baza tsofaffin littattafai a ƙasa kusa da babbar kasuwa. Jara da Tarawele abokan wasa ne tun kaka da kakanni, saboda haka shekara talatin suna tare ba su taɓa gaisawa ba zagi ba.

Cikin littattafan duka akwai wanda ba ya buɗe wa masu ɗinki. Na hotunan marigayi Namori Kanute ne, bugun farko, ɗan siriri. A shafi na arba'in da ɗaya an jera ƙananan hotuna shida, kowanne bai fi gidan ashana ba. Na huɗunsu a tashar jirgin ƙasa aka ɗauka: wani dattijo da jakar fata a kafaɗa da buta, wani saurayi dogo yana ba shi hannu, bayansu maza uku suna kallo. Dattijon kakan Zumana ne, Bakoroba, mahaifin Goggo Nantenin, ranar da zai hau jirgin Dakar, daga can ya shiga na ruwa zuwa aikin hajji. Saurayin kuwa Fajala ne, surukinsa. Kuma hannun hagu suka ba juna, kamar yadda ya kamata. Mai doguwar tafiya ai hagu ake ba shi, kuskure ne da gangan, don dole ya dawo a gyara da dama. Wanda ya ba matafiyi dama kamar ya ce masa sai a Lahira ne.

Bakoroba bai dawo ba. Ya yi aikinsa ya gama, zazzaɓi ya kama shi, aka binne shi a can.

Goggo Nantenin ba ta je tasha ran nan ba, tana ɗakin jego, kwananta tara da haihuwar fari. Hoton ma ba ta taɓa gani ba, don Fajala tun da ya manyanta ya hana hoto shiga gidansa, ita kuma ba mai tsallake maganarsa ba ce. Sai bayan ya rasu, ta fita takaba, wata rana ta ce wa Zumana cikin ƙasa da murya, “An ce akwai Babanku a wani littafinka.” Ya kawo mata. Ta kai shi kusa, ta kai shi nesa, ta fita da shi rana, ta dawo ta miƙa masa.

“Ƙudaje biyu nake gani a kan nono,” in ji ta.

Abin ya tsaya masa a rai shekara biyu. Ita dai ta ci gaba da abin da ta saba: kowace Juma'a da hantsi ta zauna bakin murhu ta toya wainar gero, a raba wa yaran unguwa sadakar Fajala, ta ɗaga hannu ta ambaci sunansa da na ubansa ta roƙa masa rahama. Ƙafafunta sun fara kumbura, likita ya ce zuciya ce, amma ba ta yarda wani ya toya mata ba.

Sai ga Cemoko wata Talata ya shigo shago rungume da abu kamar mai ɗauke da jariri.

“Tashi ka karɓi ubangidanka, bawa. Sabon bugun Kanute ne, daga Faransa aka zo min da shi jiya. An ce kakan nan naka mai satar wake shafi guda aka ba shi shi kaɗai.”

“Wanke hannunka tukuna, Jara. Na san da abin da ka karya.”

“A cikin leda yake, makaho.”

A ledarsa yake kuwa, ba a fasa ba. Zumana bai taɓa barin littafi ya kai idon wani ba sai ya kwana uku yana gwada shi da tsohon bugu. Wannan karon ya juya shi, ya shafa bangon, ya ji yana son hannun Goggo ya zama na farko da zai buɗe. Da aka yi la'asar ya rufe shago ya taka zuwa gidan Goggo a Madina Kura.

Ya same ta a tabarma ƙarƙashin mangwaro, 'yarta Sitan tana tsinke zogale a gefe. Goggo ta yi dariya ta ce a miƙo mata buta, ta san dokarsa. Ta fasa ledar da farce. Shi ya nemo mata shafin ta lambar da ke baya, ya ɗora mata a cinya, ya koma gefe ya tsuguna yana kallon fuskarta, ba takardar ba.

Ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa shafin.

“Allahu Akbar. Baba ke nan. Ga kunnuwan nan nasa. Sitan, zo ki ga kakanki.” Yatsanta ya matsa. “Wannan kuma wane ne mai wuya kamar zalɓe? Kai, Fajala! Ashe haka na aure shi, ba tsoka ko ta miya?”

Sitan tana dariya, Zumana yana dariya. Yatsan ya gangaro tsakiyar hoton ya tsaya. Ya daɗe a wurin.

“Zumana.”

“Na'am, Goggo.”

“Wane hannu ne wannan?”

“Hagu mana, Goggo.”

“Zo ka duba.”

Ya zo ya duba. Hoton da ya sani shekara ashirin ne, ga jakar, ga butar, ga mazan nan uku, komai tas har ana ganin zaren hula. Amma kakansa da yake tsaye ta wannan gefe ya koma wancan, kuma hannuwan da suka haɗu a tsakiya na dama ne.

Ya ce, “Goggo, kuskure ne. Juya shi aka yi wurin bugawa. A ɗayan littafin...”

Ta rufe littafin a hankali da hannu biyu, ta tura masa.

“Ɗauki kayanka. Magariba ta kusa.”

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Sitan ta zo shago, ba ta ko zauna ba. Ta ce yau ba a hura wutar waina ba. Yara sun taru a ƙofa, Goggo ta ce a sallame su. Tun ranar Talata in ta idar da salla tana ambaton mahaifinta da mahaifiyarta da 'ya'yanta biyu da suka rasu, ta shafa, ba Fajala a ciki.

“Na yi mata magana, Yaya. Ta ce yafiyar da ta yi masa ranar da aka ɗauki gawarsa, a kan abin da ta sani ta yi. Wannan ba ta san da shi ba.”

Zumana ya kasa cin abincin rana. Mutum biyu ne suka tsaya masa a duniya, ɗaya yana kabari ba ya iya kare kansa, ɗaya tana da shekara tamanin da ciwon zuciya, kuma shi da hannunsa ya kai abin da ya shiga tsakaninsu. Abin da yake tsoro ɗaya ne, kada Allah Ya karɓi ranta tana riƙe da mijinta.

Washegari ya kai tsohon bugun. Sitan ta duba ta rantse hagu ne.

“Ke 'yarsa ce, shi kuma ɗan ɗakinsa,” in ji Goggo. “Ƙaramin ku kuke gani, babban ni nake gani. So kuke in ƙaryata idona in gaskata bakinku?”

Ya koma da madubi, ya kafa shi gefen shafin, ya ce ta duba ciki, haka hoton yake na asali.

“Madubi ai kowa ya san sana'arsa juya abu. Maƙaryaci ka kawo min shaida?”

Ya nemi gidan marigayi Kanute a Bozola, ko fim ɗin da aka wanke hoton daga jikinsa yana nan. Ɗan marigayin, wani mai gyaran babur, ya ce fina-finan duka an kwashe su a akwatin ƙarfe zuwa Turai tun yana saurayi. Ya ƙara da cewa ko da yana nan ba zai raba gardama ba, don fim fuska biyu gare shi, ta inda ka ɗaga shi ta nan yake nuna maka.

Juma'a ta biyu ta wuce ba waina. Ta uku ma haka. Ɗinkin mutane ya taru a shago, Zumana yana zaune da littattafan biyu a buɗe, idonsa a kan hannuwan nan, kamar in ya daɗe yana kallo za su sake. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Sitan ta aiko cewa kumburin ya hau har gwiwa, Goggo ta koma salla a zaune.

A haka Cemoko ya same shi.

“Subhanallahi. Wake ya ƙare a Bamako ne, Tarawele? Dubi yadda ka koma.”

“Bar ni, Jara. Yau ba ni da bakin wasa.”

“Bawa ba ya zaɓar ranar da ubangidansa zai yi masa wasa.” Ya ja benci ya zauna, ya ɗauki buta da kansa ya wanke hannu ba a ce masa ba. Ya duba ƙaramin, ya duba babban. “Ni na kawo shi, da na sani da na jefa shi a kogin Joliba. An ce dubu uku suka buga. Wani yaro ne can ya ɗora fim a kife, ko kuma wani mai wayo ya ga baƙaƙe suna gaisawa da hagu ya ce bari ya gyara mana tarbiyya.”

“Ko ma wane ne, ya kashe ni.”

“Kai ka kashe kanka. Shekara nawa kana cika min kunne, wai kai daga ɗinki kake gane shekarar da aka ɗauki hoto? Yau sati uku kana kallon hannu kamar mai duba. Hannu sana'arka ce? Tela ne kai ko ɗan dambe?”

Zumana ya buɗe baki zai rama, sai ya fasa. Ya jawo babban littafin. Ya bar hannuwan, ya dubi rigunan. Ya dubi ta Fajala, ya dubi ta kakansa, ya dubi na mazan nan uku na baya ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya miƙe ya zaro babbar rigarsa ta Juma'a daga rataya.

“Ina za ka kuma?”

“Tsare min shagon. Kada ka taɓa komai, na ƙirga alluraina.”

Ya tarar da Goggo a ɗaki, an jingina ta da matashi biyu, carbi a hannu. Ta amsa gaisuwarsa ba yabo ba fallasa. Da ta ga littafin a hammatarsa ta kau da kai.

“Ba hannu na zo nuna miki ba, Goggo. Tambaya ce ta ɗinki. Shekara nawa kina wanke wa Baba riguna?”

“Hamsin da takwas. Me ya kawo wannan?”

“In kin ninke, aljihu ta ina yake?”

Hannunta na dama ya tafi da kansa ya sauka a ƙirjinta ta hagu.

Ya buɗe shafin ya jingina shi a ƙofa inda haske yake. Ya tsaya kusa da shi cikin babbar riga, ya karkata jiki kamar yadda Fajala ya karkata a hoton.

“Dubi nawa aljihun. Yanzu dubi nasa.”

Ta sa Sitan ta matso mata da littafin. Ta duba, ta ɗago ta dubi Zumana, ta sake sunkuyawa.

“Dubi na Kaka. Dubi na mutanen nan uku na baya. Dukansu aljihu da aikin zare a dama suke. Tela ɗaya yana iya haukacewa, Goggo, amma ba telolin Bamako duka rana ɗaya ba. Kuma Baba da ya mare ni saboda na karkata aljihu da faɗin yatsa, shi zai ɗinka wa kansa a dama ya fita da shi tasha?”

Goggo ta bi mutanen biyar da yatsa, ɗaya ɗaya, tana taɓa ƙirjin kowa. Da ta gama ta ce wa Sitan ta je ta duba tukunya. Sitan ta ce ba abin da ke kan wuta. Ta ce to ta je ta ɗora.

Da suka rage su biyu ta ce, “Zauna. Tsayuwarka tana sa ni jiri.”

Ya zauna a bakin tabarma.

“Kana ganin tsufa ne ya sa na yarda da takarda a kan mutumin da na zauna da shi shekara hamsin da takwas?” Ta ja carbin ta ajiye. “Da Baba zai tafi, Fajala ya yi wata guda yana ɗinka masa rigar tafiya. Da kuɗin da ya tara na sunan ɗanmu na fari ya sayi farin yadin. Ya kai masa a zaure, gaban mutane. Baba ya ɗaga ta, ya juya, ya ce wa ya koya maka ɗinki, wannan ai buhun gero ne. Aka yi dariya. Ka san kakanka, bakinsa ba linzami, Allah Ya gafarta masa. Ana gobe tafiya ina kwance da jariri, na ji Fajala ta bayan katanga yana wanke ƙafa, yana cewa, ya tafi ɗin, Allah Ya sa Makka ta riƙe shi.”

Ta dubi littafin, sannan ta ci gaba.

“Ta kuwa riƙe shi. Ban taɓa tambayarsa ba, bai taɓa sanin na ji ba. Na haifa masa bakwai, na yi jinyarsa, na rufe masa ido. Na ɗauka abin ya mutu. Ran nan da na ga hannun nan, ba sabon abu na gani ba, Zumana. Abin da kunnena ya ji ne ya yi ido.”

“Fushi ne na ƙuruciya, Goggo. Gari ya waye ya raka shi tasha, ya ba shi hagu.”

“Haka ka ce.” Ta sake jawo littafin. Yatsanta ya sauka a kan mahaifinta. “To kai da ka san ɗinki. Wannan rigar da ke jikin Baba, ɗinkin wa ce?”

Tun a shago ya duba wannan, ya kuma san amsar. Fajala yana rufe bakin wuya da ninki biyu, ya kawo aikin zare ya tsaya daidai kan aljihu, haka ya koya wa duk wanda ya zauna a gabansa. Rigar da ke jikin Bakoroba wuyanta zagaye ne, aikin ya zarce har ciki, irin na telolin Segu. Ga sabon bugun nan ya fito da kowane zare, ba inda mutum zai ɓuya. Amma idon Goggo ba zai kai nan ba. Kalma ɗaya ce, in ya faɗe ta, tsohuwa za ta yarda uba da suruki sun shirya kafin jirgi ya tashi, gobe ma a hura wuta. Ya ji kalmar ta zo har bakinsa. Ya dubi carbin da ke kan tabarma, ya dubi ƙafafunta da suka kumbura.

“Ba ɗinkin Baba Fajala ba ne, Goggo.”

“Ka tabbata?”

“Na tabbata. Kaka bai sa ta ba.”

Ta gyaɗa kai a hankali.

“Na sani. Rigar tana gidan nan har yau, a ƙasan adakata. Baba ya aiko da ita da safen ya ce a yi wa jariri zanen goyo. So nake in ji ko za ka yi min ƙarya don ka wanke maigidanka.” Ta numfasa. “Tunda ba ka yi a nan ba, ba ka yi a can ba. Hagu ya ba shi.”

Zumana ya sa gefen babbar riga ya share fuska.

“Kada ka yi murna da yawa,” in ji ta. “Hannu na gani. Abin da ke cikin ƙirjinsa lokacin da yake miƙawa, wannan mai hotonka bai ɗauka ba. Rufe littafin nan ka mayar shagonka, kada ya sake shigowa gidan nan. Ka ce wa Sitan ta jiƙa gero ranar Alhamis.”

Ranar Juma'a Zumana bai buɗe shago ba. Tun hantsi yana Madina Kura. An fito da Goggo tsakar gida a kujera, ƙafafunta a kan ƙwarya kife. Ba ta iya zama bakin murhu ba, Sitan ce ta toya, ita tana daga zaune tana faɗan mai ya yi yawa, wuta ta yi yawa. Yaran unguwa suka ji ƙamshi suka cika ƙofa. Aka juye wainar a faranti aka kawo gabanta, inda ta saba ɗaga hannu ta yi addu'a kafin a raba.

Ta ɗaga hannun. Leɓenta ya motsa, ya tsaya. Ta sauke.

“Zumana, matso. Kai ka ambaci sunansa. Bakina bai kai ba tukuna.”

Ya durƙusa gefen kujerar ya ɗaga hannu. Ya roƙa wa Fajala ɗan Musa Sisoko gafara da rahama da sanyin kabari, ya roƙa a yafe masa abin da ya faɗa da abin da ya ɓoye. Sitan ta ce amin. Yara suka ce amin da ƙarfi don a yi a raba. Ya shafa, ya saci kallon Goggo. Hannuwanta suna kan cinya, idonta a rufe.

Sitan ta ɗauki farantin ta yi ƙofa, yara suka bi ta da hayaniya. Tsakar gidan ta rage su biyu da hayaƙin murhu. Zumana yana nan durƙushe, gwiwarsa ta fara ciwo, bai tashi ba. Sai da hayaniyar ta yi nisa, sannan Goggo ta ɗaga tafukanta da ƙyar ta shafa a fuska.

“Amin,” in ji ta. “Sati mai zuwa ma ka zo. Ban sani ba ko zan iya.”